Marubutan ƙasar Danmak: daga wa ya kamata mu fara?

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wannan makon layi ya zo kan Danmak. Ƙasa ce 'yar ƙarama a arewacin Turai, mutanenta wajen miliyan 6 ne, masu jin Hausa sun ninka su nesa ba kusa ba. Duk da haka marubutanta uku sun ci kyautar Nobel ta adabi: Henrik Pontoppidan da Karl Gjellerup sun raba ta a 1917, sai Johannes V. Jensen a 1944. Amma waɗanda duniya ta fi sani, wato Hans Christian Andersen da Søren Kierkegaard da Karen Blixen, babu wanda ya ci ta a cikinsu. Biyun farko sun rasu tun kafin a fara bayar da ita a 1901.

Ni da Andersen zan fara. An haife shi a garin Odense ran 2 ga Afrilu 1805. Ubansa mai ɗinkin takalma ne, ya rasu yaron yana da shekara 11. Uwarsa wankau take yi a bakin kogi. Yana ɗan shekara 14 ya kama hanyar Kopanhegan ba shi da kowa a can, wai zai zama ɗan wasan kwaikwayo. Wasan bai karɓe shi ba, sai wani babba a gidan wasan kwaikwayo na sarki, Jonas Collin, ya tsaya masa aka sa shi makaranta. A 1835 ya fitar da ɗan littafinsa na farko na tatsuniyoyi, kuma kafin ya rasu a 1875 ya rubuta sama da 150. Masu sharhi na zamaninsa sun kushe shi saboda yana rubutu yadda ake magana a baka. Ni kuwa a ganina abin da ya raya shi ke nan har yau.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai zan faɗi gaskiyata, ban yarda Andersen na yara ba ne. Na karanta wa 'yata labarin yarinya mai tallar ashana, ban kai ƙarshe ba na rufe littafin. Daren ƙarshen shekara, ƙanƙara na zuba, yarinya ba takalmi, ba ta yi ciniki ko na sisi ba, tana tsoron komawa gida kar uban ya doke ta. Ta raɓe a lungu tsakanin gidaje biyu tana ƙyasta ashana ɗaya bayan ɗaya. A hasken ta farko ta ga murhu, a ta biyu ta ga gasasshiyar dinya a kan tebur, can ta ga kakarta da ta mutu, ita kaɗai ce ta taɓa nuna mata ƙauna, sai ta ƙyasta sauran gaba ɗaya don kar kakar ta ɓace. Da safe aka tsinci gawarta. Wannan za ka ba yaro ya kwanta da shi?

Malam Habu:
Hajiya, ba ki yi kuskure ba da kika ji nauyinsa. Shi kansa daga baya ya cire kalmar "don yara" daga sunan littattafan. Kuma labarin nan ba daga iska ya ɗauko shi ba. Ya rubuta cewa mahaifiyarsa tana ƙarama iyayenta sun tura ta bara, ta kasa, ta wuni a ƙarƙashin gada tana kuka. Duk wanda ya taɓa ganin yarinya da farantin talla bayan isha'i tana tsoron komawa gida da kwantai, ya san wannan yarinyar. Ni ina ganin yaro ɗan shekara goma zai iya ɗauka, in dai akwai babba kusa da zai tattauna da shi.

Maman Ilham:
To Malam, ɗan shekara goma na yarda. Tawa shida gare ta.

Alhaji Baba:
'Ya'yana, kafin ku yi nisa. Danmak ɗin nan ba ita ce wata jaridarta ta buga zanen ɓatanci ga Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a 2005 ba? Mu da muka ga abin da ya biyo baya ba mu manta ba. Me zai sa mu zauna muna yabon marubutansu?

Hadiza Damagaram:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ita ce, kuma babu wanda zai ce abin bai yi ciwo ba. Sai dai mutanen da ake magana a kansu yawancinsu sun mutu da daɗewa kafin wannan jarida ta yi abin da ta yi. Kuma da yawansu daga rijiyarmu suka sha. Andersen ya faɗa da kansa cewa ubansa yana karanta masa Dare Dubu da Ɗaya yana yaro. Adam Oehlenschläger, wanda ya rubuta baitocin taken ƙasarsu, babban wasan kwaikwayonsa na 1805 labarin Aladdin ne da fitilarsa. Karanta mutum ba yabonsa ba ne Baba, sanin abin da ke cikinsa ne.

Alhaji Baba:
Na ji, 'yata. Ku ci gaba, ina saurare. In na ga abin da bai yi ba zan yi magana.

Malam Habu:
Mun gode Baba. Maganar Hadiza ta kawo ni inda nake son zuwa. Labarin sababbin tufafin sarki, wanda ya fito a 1837, ba Andersen ne ya ƙirƙire shi ba. Yana cikin wani tsohon littafin Sifaniya na Don Juan Manuel, na shekarar 1335. A can, mayaudaran masaƙa sun ce wa sarki duk wanda ba ɗan halak ba ne ba zai ga yadin ba. Kowa ya yi gum don kar a ce masa shege ya rasa gado. Wanda ya fasa ƙwan wani baƙar fata ne mai kula da dokin sarki, wanda ba shi da abin da zai yi asara. Andersen ya sauya sharaɗin, ya ce wawa ne ko wanda bai cancanci kujerarsa ba ba zai gani ba. Da wannan sauyi kaɗai ya mayar da labarin kan ma'aikatan gwamnati da fadawa na zamaninsa. Yaron nan da ya ce sarki tsirara yake kuwa, sai da rubutun ya je maɗaba'a sannan ya aika a ƙara shi.

Ku kwatanta da aikin Abubakar Imam a Zariya. Magana Jari Ce ta fito tsakanin 1937 da 1939, kuma masu nazari sun bi diddigin labaranta sun gano wasu daga Dare Dubu da Ɗaya, wasu daga tatsuniyoyin Grimm na Jamus, wasu daga Andersen ɗin nan. Su biyun sana'arsu ɗaya: su aro ƙashin labari, su sa masa tsoka da harshen da mutanensu ke magana da shi, har mai karatu ya rantse a unguwarsu aka yi.

Ɗan Nima:
Malam, ka yi haƙuri zan ja da kai kaɗan. Kullum in an ce Danmak sai tatsuniya da gunkin 'yar ruwa ta labarin Andersen da ke zaune kan dutse a bakin teku. Mu nan Akra wata Danmak muka sani. Ganuwar Osu da ke bakin teku, wadda ta daɗe tana fadar gwamnatin Gana, sunanta Christiansborg, 'yan Danmak ne suka riƙe ta suna tara bayi a ciki, sai a 1850 suka sayar wa Ingila. Tsibiransu uku na yankin Karibiyan, inda bayin ke noman rake, sun sayar wa Amurka a 1917 kan dala miliyan 25.

Marubucin da ya hana su mantawa shi ne Thorkild Hansen. Ya yi littattafai uku a jere: Gaɓar Bayi a 1967, Jiragen Bayi a 1968, Tsibiran Bayi a 1970, aka ba shi kyautar adabi ta majalisar ƙasashen arewacin Turai a 1971. Kafin shi, abin da suke alfahari da shi shi ne sarkinsu ya sa hannu kan dokar hana fataucin bayi tun 1792. Hansen ya shiga takardun kamfani da rajistar jiragen ruwa ya nuna cewa dokar sai 1803 ta fara aiki, kuma a shekarun nan na tsakani ƙara ƙaimi aka yi wajen jigilar mutane don a cika gonaki kafin a rufe ƙofa. Bautar kanta a tsibiran ba a soke ta ba sai 1848, bayan bayin sun yi bore. In ni za a tambaya, ɗan Afirka da wannan ya kamata ya fara.

Malam Habu:
Wannan ba ja ba ne ƙanena, ƙari ne. Hansen yana da wani littafin na 1962 kan tawagar masana da sarkin Danmak ya tura Yaman a 1761. Su shida suka tashi, Carsten Niebuhr kaɗai ya koma da rai a 1767.

Hadiza Damagaram:
Tunda an taɓo Afirka, bari mu shiga maganar Karen Blixen, don na san nan za a yi ta. An haife ta 1885, ta je Kenya a 1914 ta auri wani basarake ɗan Suwidin, suka kafa gonar gahawa a gindin tsaunukan Ngong. Auren ya mutu, gonar ta karye, ta koma gida a 1931 ba ta da komai. Tana dab da shekara 50 ta fitar da littafinta na Seven Gothic Tales a 1934 da sunan namiji, Isak Dinesen. Out of Africa ya biyo baya a 1937. Ni na karanta shi, kuma ba zan ɓoye ba, matar ta iya alƙalami. Yadda take siffanta fari da jiran ruwan sama, sai wanda ya taɓa zuba wa gajimare ido.

Ɗan Nima:
Yaya Hadiza, iya alƙalamin ne ma matsalar. Marigayi Ngũgĩ wa Thiong'o, marubucin Kenya wanda ɗan ƙabilar Kikuyu ne, ƙasar kakanninsa aka yanka wa Turawa, ya sa littafin cikin mafiya haɗari da aka rubuta kan Afirka, don wariyar da ke ciki an lulluɓe ta da soyayya. Yana da maƙala guda a kan yadda take kwatanta kukunta Kamante da kare. Gonar eka 6,000 ce. Kikuyu da ke zaune a cikinta, masu ƙasar na asali, doka ta mayar da su 'yan share-wuri-zauna, dole su yi mata aiki na wasu kwanaki a shekara kafin a bar su su noma ɗan abin da za su ci. Har yau unguwar masu hannu da shuni da aka gina a wurin sunanta Karen.

Hadiza Damagaram:
Ban musa ko ɗaya ba. Amma a cikin littafin nan ita da kanta ta rubuta cewa ƙasar tasu ce tun kafin Bature ya zo. Ta buɗe makaranta a gonar. Da aka sayar da gonar, ta yi ta zarya a ofisoshin gwamnatin mulkin mallaka har aka ba mutanen wani fili suka koma tare da dabbobinsu. Kuma ka duba yadda ta rubuta Farah Aden, Basomale Musulmi da ya riƙe mata gida tun zuwanta har tafiyarta. Da girmamawa ta rubuta shi.

Ɗan Nima:
Girmamawar uwar ɗaki ga baranta mai amana ce. Farah bai taɓa yin magana da bakinsa a littafin ba sai abin da ta ga dama ta sa masa.

Maman Ilham:
Ni ina bayan Ɗan Nima a nan. Na kalli fim ɗin da aka yi a 1985, wanda ya kwashe kyautar Oska har 7. Baƙaƙen fata a ciki kamar itatuwa suke, ana soyayya a gabansu.

Malam Habu:
Fim daban, littafi daban, Hajiya, fim ɗin ya fi littafin laifi ta wannan fuskar. Shawarata a karanta Blixen da Ngũgĩ a gefe. Wanda kuma ke son ganin gwanintarta ba tare da wannan ƙaya ba, ya nemi labarin walimar Babette: kuku 'yar Faransa da ta gudo daga tarzomar Paris ta 1871, ta yi shekaru tana yi wa wasu tsofaffin 'yan'uwa mata biyu masu tsananin ibada aiki, ta ci cacar kuɗi faran 10,000, ta ƙarar da su kaf a kan girki ɗaya.

Ɗalibi Nura:
Malam, don Allah a taɓa Kierkegaard. Ana yawan ambatonsa a ajinmu na falsafa, amma ban san ta inda zan kama shi ba.

Malam Habu:
Nura, ka kama shi ta littafinsa na 1843, Tsoro da Makyarkyata. Ba shi da kauri. Kierkegaard ɗan attajiri ne a Kopanhegan, an haife shi 1813 ya mutu 1855 yana da shekara 42. Ya yi baiko da Regine Olsen a 1840, ya warware shi a shekara mai bi alhali yana sonta, kuma wannan tabon yana ƙarƙashin kusan duk abin da ya rubuta. Yakan sa sunayen aro daban-daban, kowane suna da ra'ayinsa, don mai karatu ya yanke hukunci da kansa. Littafin da na ce maka kacokan a kan Annabi Ibrahim ne da umarnin yanka ɗansa. Abin da ya dame shi shi ne mutanen coci suna jin ƙissar ranar Lahadi suna gyaɗa kai, don sun riga sun san rago zai zo. Ya ce ku cire sanin ƙarshen, ku bi shi tafiyar kwana uku zuwa dutsen, sannan ku ce kun san mene ne imani. A ƙarshen rayuwarsa ya fito fili ya yaƙi cocin gwamnati, yana cewa limamanta ma'aikatan albashi ne, har a gadon mutuwa ya ƙi karɓar jibin Ubangiji, wato gurasar ibadar Kirista, daga hannunsu.

Alhaji Baba:
To nan zan sa baki. Na farko, a wajensu Ishaƙu ne, a wajen jumhurun malamanmu Isma'ila ne, alaihimas salam. Na biyu, Malam Habu, in na fahimta, mutumin nan ya gina littafinsa ne a kan cewa Annabi Ibrahim ya yi shiru bai gaya wa kowa ba?

Malam Habu:
Haka ne Baba. Babi guda ya ware kan cewa bai gaya wa Saratu ba, bai gaya wa baransa ba, bai gaya wa ɗan ba, kuma ko ya so ba zai iya ba, don babu wanda zai fahimce shi.

Alhaji Baba:
To ka ga inda muka rabu. A Suratus Saffat uban ya gaya wa ɗan mafarkinsa, ya nemi ra'ayinsa, ɗan ya ce a aikata abin da aka yi umarni, za a same shi cikin masu haƙuri in Allah ya so. Su biyu suka miƙa wuya. A wajenmu babu wannan kaɗaicin. Nura, ka karanta shi tunda karatunka ne, amma ka buɗe tafsiri kusa da kai. Maganarsa ta cewa jin ƙissa ba tare da ta girgiza ka ba ba imani ba ne, wannan kam gaskiya ya faɗa.

Ɗalibi Nura:
Na gode Baba, na gode Malam. Wannan bambancin zan kai shi aji.

Hadiza Damagaram:
Nura, ga wani da zai yi maka daɗi, Ludvig Holberg, wanda suke kira uban adabinsu. A Bergen ta Noway aka haife shi a 1684, lokacin ƙasashen biyu sarki ɗaya gare su. Yana da wasan kwaikwayo, Erasmus Montanus. Ɗan manomi ne mai suna Rasmus Berg ya je jami'a, ya dawo ƙauye ya mayar da sunansa na Latin, ba ya magana sai da hujjar manɗiƙi. Ya ce wa uwarsa dutse ba ya tashi sama, ke ma ba kya tashi, saboda haka ke dutse ce. Tsohuwa ta fashe da kuka har sai da ya sake kawo hujjar da ta mayar da ita mutum. Amma Holberg bai tsaya kan yi wa ɗan boko dariya ba. Abu ɗaya da yaron ya faɗa na gaskiya, cewa duniya ƙwallo ce, shi ne ƙauyen suka ƙi, surukinsa ya ce ba aure, kuma a ƙarshe dole ya janye ya ce shimfiɗaɗɗiya ce.

Maman Ilham:
Duk maza kuke ta lissafowa ban da Blixen. Tove Ditlevsen fa? 'Yar unguwar ma'aikata ce ta Vesterbro, 1917 zuwa 1976. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, aikatau ta fara tana 'yar shekara 14. Littattafanta uku kan rayuwarta, biyu a 1967 ɗaya a 1971, ban taɓa karanta mace ta faɗi gaskiyar kanta haka ba: uwar da ba a gane gabanta, aure huɗu, da yadda mijinta na uku, likita, ya riƙa yi mata allurar kashe zafi har ta kamu ba ta iya rayuwa sai da ita. Ita ta kashe kanta a ƙarshe. Shekara 20 tana amsa wasiƙun mata a wata mujallar iyali. Manyan masu sharhi sun raina ta, mata talakawa suka riƙe ta, sai ga shi a 2021 jaridar New York Times ta sa fassarar littattafan cikin goma mafiya kyau na shekarar. Marubutanmu mata da ake ce wa na soyayya kawai, su karanta ta.

Ɗan Nima:
A ƙara da Martin Andersen Nexø. Littafinsa Pelle, 1906 zuwa 1910, tsoho ne da ɗansa suka taso ci-rani daga Suwidin zuwa tsibirin Bornholm, suna kwana kusa da garken shanu. Danmak ɗin da ake gani yau da arziki, haka talakanta ya rayu.

Malam Habu:
Akwai saura da yawa: Grundtvig mai waƙoƙin coci da makarantun manya na karkara, Inger Christensen da ta gina diwaninta na 1981 a kan jerin lissafin Fibonacci, inda kowace lamba jimillar biyun da suka gabace ta ce, da Solvej Balle ta yanzu, wadda tauraruwar labarinta ta maƙale a ranar 18 ga Nuwamba tana ta maimaita ta. Amma abin da nake so mu lura, waɗannan littattafai ba da ƙafarsu suka zo hannunmu ba. Tun 1946 Danmak take biyan marubuci kuɗi saboda littattafansa da ke ɗakunan karatu na jama'a, ita ce ƙasa ta farko da ta fara haka, kuma hukumar fasaharsu tana tallafa wa masu fassara zuwa wasu harsuna. Mu marubucinmu shi ne mai bugawa, shi ne mai kai wa kasuwa, shi ne mai bin bashi.

Hadiza Damagaram:
To Malam, mu fara da abin da ke hannunmu. Tatsuniyoyin Andersen sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka. Ni zan ɗauki mai tallar ashana in mayar Hausa kafin Juma'a. Niyyata in bi hanyar Imam, in mai da ƙanƙarar sanyin hunturu, daren kuma ya zama jajibirin salla.

Maman Ilham:
A'a Hadiza, ki bar mata ƙanƙararta. Sanyin hunturu ba zai kashe yarinya a dare ɗaya ba, mai karatu zai ce ƙarya ne. Yaranmu su san akwai inda sanyi ke kisa.

Ɗan Nima:
Ku yi biyu mana. Yaya Hadiza ta yi nata, Maman Ilham ta yi wanda bai taɓa komai ba, a sa su gefe da gefe.

Maman Ilham:
Na karɓa, amma ni sai Lahadi. Malam Habu, a turo mini fassarar Ingilishin da ka fi amincewa da ita, don wadda ke hannuna ta yara ce, an yanke wurin da uban ke dukanta.